Ranar da Malam Ya Fasa Madatsarsa

Maigidana mutumin karkarar Damagaram ne, inda ba a barin ruwa ya wuce ba a tambaye shi ina za shi ba. Ni kuwa 'yar birnin Kano ce, ruwa a wajena na famfo ne, in ya zo a tara, in bai zo ba a yi tsaki. A tsakiyar shekarun casa'in muka gaji da zaman haya a unguwar Wendover, can ƙasar waje, inda yake aiki a wani sito. Wata rana ya dawo yana washe baki, wai ya samo mana gida can wajen Pleasant Garden, har da rafi a baya.

"Fadama ce, Hajiya, fadama!" in ji shi. "Mutanen nan ba su san darajarta ba. Wai ya fi na kan tudu araha."

Har tausayin mai sayarwa ya riƙa ji. Sai da banki ya ce dole mu yi inshorar ambaliya, domin a taswirar hukuma gidan yana kan hanyar ruwa, sannan na gane wanda ya kamata a tausaya wa. Da na ga kuɗin shekara sai da na nemi wurin zama. Malam ko a jikinsa.

Da sanyi ya wuce ya kama aiki. Ya jido duwatsu da buhunan yashi, ya haɗa da wata tsohuwar ƙofa da ya tsinto, ya datse rafin har ruwa ya kwanta ya yi ɗan tafki. Baraj yake ce masa, da Faransancinsu. Ya ja ruwan zuwa fangali, ya shuka yakuwa da kuɓewa da tattasai. Mutumin da bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba, sai ga shi daga sallar asuba yana durƙushe cikin taɓo. Na yi ta yi masa tsiya, amma miyar ba ta taɓa kwana a tukunya ba. Kuma gaskiya tun zuwanmu ƙasar nan ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Shekara ta biyu wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya tara 'yan unguwa. Ya ce hukumar gunduma ta shiga wani tsari: in ta kula da magudanai, ta hana gini a bakin ruwa, ta wayar wa mutane kai, ana ba ta maki, makin kuma yana rage wa kowa kuɗin inshora. Namu aikin shi ne mu riƙa share rafin duk Asabar, kafin ma'aikata su zo dubawa.

Malam ne ya fara ɗaga hannu. "Ai gayya ce!" ya ce mini da murna. Ya fito da shebur, ya sa ni suyar ƙosai. Tsoffin tayoyi, rassan itace, har keken tura kaya na kanti, duk shi ne kan gaba wajen jawo su. Bai taɓa kawowa a ransa cewa yana cikin waɗanda ake zuwa sharewa ba.

Asabar ta uku aiki ya iso bayan gidanmu. Dattijon ya tsaya yana kallon madatsar, ya tambaya ko wace dabba ce ta yi wannan ɓarna. Malam ya dafa ƙirji, ya ce shi ne.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya nuna masa kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, ya ce ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙofar nan da buhunan can za su je su toshe, ruwa ya dawo cikin ɗakinmu da na wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a gangare. Kuma in ma'aikata suka gani, wahalar da unguwa ta sha ta tashi a banza.

Malam ya juyo wajena da Hausa. "Yanzu mutum ya ga ruwa yana tafiya ya naɗe hannu? Saboda asirans?" Haka yake kiran inshora.

"Saboda asirans ɗin, Malam," na ce, "da kuma tsohuwar."

Gaskiyata ce, amma har yau ina jin haushin saurin da na yi na faɗe ta. Da mutane suka matso da sheburansu, Malam ya ɗaga musu hannu su tsaya. Shi kaɗai ya shiga, ruwa har gwiwa, ya cire buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ƙofar. Kafin ya fito tafkin ya tafi, sai laka.

Ragin kuɗin inshorar ya zo daga baya. Ba wani mai yawa ba ne, amma unguwa ta yi murna, ni ma na yi. Lambun kuwa ya koma 'yan bokitai a bakin ƙofa, don Malam ya ce ba zai sayi ruwan famfo ya shayar da yakuwa ba alhali rafi yana wucewa a gabansa.

A ƙarshen shekarar wani ɗan garinsu ya zo mana da kaset daga mahaifiyarsa, don a lokacin haka ake aiko da gaisuwa. Ta ce damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye, rijiya sai an ƙara igiya. Sannan ta tambaya, ku can wajenku ana samun ruwa kuwa?

Ya ɗauko rakoda zai mayar da amsa, ina gefe ina ninke kaya. Ya gaishe ta, ya gaishe da kowa da sunansa. Da ya zo kan tambayar sai ya ce, "Ruwa akwai, Inna. Har a bayan ɗakina." Ya bar kaset yana ta juyawa, can ya danna ya kashe.