Loma da Hannun Dama

Shekara biyar ke nan da muka binne ƙanena Nasiru a nan Guangzhou, amma har yau in na bi ta titin Huanshi Lu na ga ɗalibai, sai in kama kaina ina neman dogon baƙin nan a cikinsu.

Ni kasuwanci ya kawo ni, ina loda kaya zuwa Kano. Shi kuwa Umma ce ta kawo shi, ko da yake ba ta taɓa barin Fagge ba. Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye, ta ce ita ba za ta ci abinci da hagu ba, gara a ba ta a baki. Tana ci tana hawaye. Nasiru ya nemi digiri na biyu a fannin koya wa irin waɗannan marasa lafiya komawa hidimar kansu, cin abinci, wanka, sa riga. Na yi masa tsiya, na ce, "Duk karatun duniya ka rasa, sai na ɓalla maɓalli?" Ya ce, "Yaya, bari kawai."

Ajinsu kusan duk 'yan matan China ne da suka zarce daga digirin farko. Shi kaɗai ne baƙar fata, shi kaɗai mai salla, ga shi ya girme su. Darasin motsa yatsu kuma duk a kan tsinkayen da 'yan China ke cin abinci da su aka gina shi. Ya tambayi malamarsu ko akwai na ci da hannu, ta ce "meyo", wato babu. Sai ya sa ni tuƙa tuwon semo, ya kai aji a kula, ya zauna yana gutsura yana mulmulawa, suna kallon yadda babban yatsa ke yi wa loma rami. Wata mai suna Lin ce ta fara sa hannu. Su biyu suka shiga ƙera madaurin roba da zai tallafi yatsun Umma.

Ya so ya kai mata da kansa a hutu, sai korona ta rufe hanya. Wanda ya fita ba ya dawowa, ga karatu bai ƙare ba. Ya zauna, kullum yana cewa saura kaɗan. Ciwon ciki na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Lin ce ta ƙarasa madaurin ta kawo min shago, da aka buɗe hanya na ba wani ɗan unguwarmu ya kai wa Umma.

Da Nasiru zai leƙo yau, zai ji daɗi. Lin ta ce maza sun ƙaru a ajin, akwai ma wata 'yar Maradi. Amma na san ni zai fara tasa a gaba: "Yaya, har yanzu kana nan?" Ina nan. Kowace shekara nakan ce ta ƙarshe ce, sai in tuna in na tafi babu mai zuwa kabarinsa. Garin ya ishe ni, na kuma kasa barinsa.

Ran Juma'a na kira Umma ta bidiyo, na same ta a gaban kwanon tuwo, madaurin a hannunta, robar duk ta koɗe. A hankali ta gutsura, ta dangwali miya, ta kai baki da hannun dama. Ta haɗiye, ta dubi madaurin, ta dube ni, ta ce, "Nasiru dai ya iso gida. Kai nake jira."