Buhun da Muka Ɗauka Wofi Ne

Har yau ranar Talatar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da na gano kuskuren Furofesa. Ina koyar da kimiyyar fizik a lise, wato makarantar sakandare, a Magariya, inda ake kiran malami Mushe, ina kuma karatun digiri na biyu daga nesa a ƙarƙashinsa. Ya yi mini alkawari in takardarmu ta fito da sunana, zai ɗauke ni karatun dokta.

Ku sababbin malamai, ga aikin a taƙaice. Akwai gajimaren iska da ƙura a sararin sama inda taurari ke samuwa. Silisiyom, sinadarin da ke cikin yashi, yawancinsa a can yana maƙale a ƙurar, mu kuma ɗan abin da ya rage a iskar muke aunawa. Madubin hangen nesa yana ɗauko hasken zafi wanda ido ba ya gani, mu tsaga shi layi-layi, mu auna layin silisiyom. Amma dole a auna wani fili a gefe da ba kome a cikinsa, a cire haskensa, kamar yadda mai awon gyaɗa a kasuwar Guci ke cire nauyin buhu.

Furofesa ne ya zaɓi filin. Da hutun damina na buɗe awon filin a na'urata don in tabbatar, sai ga layin silisiyom tsaye a ciki. Buhunmu ba wofi ba ne. Duk awonmu ya yi ƙasa, ga shi Furofesa ya riga ya gabatar da shi a taron masana.

Na kira shi na yi masa bayani cikin ladabi, har na nuna masa wani filin mai tsabta. Sai ya ce, "Mushe Isufu, kai da ke cajin na'urarka a shagon bakin kasuwa ne za ka gyara ni?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka dai duba layin da idonka."

Daga ranar ya daina ɗaukar wayata. Bayan shekara takardar ta fito, da filin da na nuna masa, da awon da na gyara. Sau uku na bi sunayen marubuta da yatsa, ba nawa. Can ƙasa an gode wa "wani malamin makaranta".

Abin ya ci mini rai, har gobe yana ci. Aikin nan ya koya mini cewa ana karɓar gyara, mai gyaran ne ba a yafe wa. Duk da haka, ku riƙa duba buhun. Ni dai har yanzu alli ne a hannuna.