Zauren da Jamaluddeen Ya Maido

Ina cikin takaba ƙyauren ɗakina ya ɓalle. Jamaluddeen, ɗan maƙwabcinmu Malam Dauda a nan Badarawa, shi ya zo da guntayen katako ya gyara, ya shafe shi da ragowar shuɗin fenti. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

A lokacin yana kwaleji. Shi ke shirya dandamali idan ɗalibai za su yi tsofaffin wasannin kwaikwayo, irin waɗanda muka ji a rediyo muna yara. Ba ya fitowa a wasa, nasa gini ne. Kwali da buhu da jar ƙasa damamme da sitaci, sai ga katanga ta tashi har mutum ya so jingina. Bai taɓa zana abu mai rai ba, ko kaza, don mahaifinsa ya hana. Burinsa dai Malam ya zo ya gani, ya sa albarka.

A shekararsa ta ƙarshe aka ce ya gina zauren wani malami. Sai ya tuna tsohon zaurensu na Kawo da aikin titi ya cinye, inda Malam ya karantar tun yana saurayi. Ya maido shi kaf, da tsagar bangon gabas, da alkukin fitila, har ɗigon tawada a bakin ƙofa. Ya yi ta lallashi har Malam ya yarda zai je. Ni ma na bi su.

Da aka ɗaga labule na hango Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sai ɗan wasa ya shigo ya zauna kan buzu. Ashe malamin wasan makwaɗaici ne, mai ɓoye tsire a hannun riga. Jamaluddeen ya san labarin sarai, hankalinsa ne ya tafi kan bango. Wani tsohon ɗan Kawo ya ɗaga murya daga baya, “Kai jama'a, ai zauren Malam Dauda ne!” Wuri ya kaure da dariya.

Malam ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai yi faɗa ba. Tun ranar dai, in yaron ya gaishe shi, “Lafiya” kawai yake cewa, idonsa na kan littafi.

Yanzu Jamaluddeen yana Jos yana yi wa shaguna fenti, ya bar dandamali. Har yau ban ji Malam ya ambaci sunansa ba, kullum kuwa ina kasa kunne, saboda ranar da yaron zai tafi ya tsaya a ƙofata da jakarsa, ya shafa ƙyauren nan, ya ce:

“Inna, in Baba ya taɓa tambaya, don Allah ki ce masa ba shi na sa a ciki ba. Zauren kawai na so in maido masa.”