Katin Baba Bai Taɓa Tsallake Gada Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna, wanda tsofaffin ma'aikatan masaƙar Kakuri suka fi sani da Haruna Rini. Duk shekara addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda a watan jiya na aikata abin da na san da yana raye ba zan iya haɗa ido da shi ba.

A Sabon Tasha aka haife ni. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Baba Yohanna, mutumin Kudancin Kaduna, abokin aikin Baba. Tare suke fita, tare suke dawowa, kuma ban taɓa ganin sun yarda da juna a kan komai ba, daga ƙwallo har zuwa ranar da ruwan farko zai sauka.

Shekarar da soja suka yarda za su koma bariki, ina da shekara ashirin da ɗaya. Mu da muka yi wayo muka tarar da kaki, zaɓen shugaban ƙasa a wurinmu labari ne na manya. Rumfarmu tana gindin mangwaron da ke ƙofar gidan Baba Yohanna. Da safe aka tantance mu, aka ce kowa ya jira a shiga layi, amma babu wanda ya tafi gida. Oga Chidi bakanike ya kwaso bencinan garejinsa, Mama Rifkatu, matar Baba Yohanna, ta fito da kunu bokiti guda. Duka manyan 'yan takarar biyu 'yan Kudu ne, Baba ya ce wannan ne ma daɗin abin, yau babu namu babu naku. Da aka shafa masa tawada a farce, sai ya riƙa ɗaga yatsan yana nuna wa kowa.

"Malam, a hankali fa, kar alwala ta wanke maka dimokuraɗiyya," in ji Baba Yohanna.

"Wannan ba ta wankuwa, Yohanna. Mun shiga ke nan."

Mutum daban-daban suka zaɓa, suka yini suna tsokanar juna. Da aka gama ƙirga, na ga hawaye a idon Baba, abin da ban gani ba ko a ranar da aka binne mahaifiyarsa.

Shekara guda aka yi, gari ya kama da wuta. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk ɗan Kaduna yana da nasa tabon. Baba Yohanna ne ya raka mu har inda muka tsira, muka tsallake gada muka koma Rigasa, daga baya aka sayar da gidan. Kogin da a da wurin wanki ne da kamun kifi ya zama iyaka.

Komai namu ya tsallako, ban da katin zaɓen Baba. Duk lokacin da aka buɗe sabuwar rajista, Sabon Tasha yake komawa, ni ma ya tasa ni gaba. Ga shi ranar zaɓe ana hana zirga-zirga, don haka dole mutum ya kwana inda rumfarsa take. Ana gobe zaɓe, bayan la'asar, sai Baba ya naɗe dardumarsa mu hau bas, mu sauka a gidan Baba Yohanna. Akwai wata buta ta ƙarfe da Mama Rifkatu ta saya masa, ba ta barin kowa ya taɓa ta.

'Yan'uwa sun yi faɗan har sun gaji. Wasu sun ce taurin kai ne, wasu sun ce ganganci. Ni kaina na taɓa ce masa, "Baba, ƙuri'a ɗaya ce fa, ko a ina aka kaɗa ta." Ya dube ni ya ce, "Ƙuri'ar ba ta dame ni ba. Ranar da na ɗauke katin nan, na yarda da waɗanda suka kore mu."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Masaƙar da ya yi wa bauta ciyawa ta cinye ta. Matasa na zuwa layi da ido a kan wanda zai raba taliya. Kafin a tambayi ɗan takara abin da zai yi, an riga an tambayi inda yake ibada. 'Ya'yana sun girma ba su da aboki ko ɗaya a ƙetaren kogi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba su ga wani abin mamaki a cikin hakan ba. Wani lokaci har haushin Baba nake ji, ya ɗora mini fatan da ƙasar ba ta cika ba.

Zaɓe biyu aka yi bayan rasuwarsa. Na farko na je. Na biyu maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa tana roƙona don Allah da 'ya'yanmu, sai na aika cewa zazzaɓi nake yi. A watan jiya na shiga ofishin zaɓe na cike takardar sauya rumfa zuwa Rigasa. Ko rabin awa ban yi ba aka gama.

Na ga bai dace Mama Rifkatu ta ji a bakin wani ba, ga shi Baba Yohanna ma ya rasu. Na same ta a gindin mangwaron tana tsince wake. Ta tsufa, amma muryar tana nan.

"Ɗan Malam! Sai yau? Ya jikin, zazzaɓin ya sake ka?"

Kunya ta rufe ni. Kafin in haɗa magana ta ja hannuna zuwa ɗakin da muke sauka. Ta sa an gyara rufin. Ga butar a kusurwa, an goge ta tana ƙyalli, an kife kwano a bakinta.

"Wancan karon na cika ta da ruwa, har yamma tana nan," in ji ta. "Idan zaɓe ya zo za ka zo ko? Ka taho da babban ɗanka, ya isa yanzu."

Baba bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne ɗaki guda a Sabon Tasha da ake share wa ɗansa, da tsohuwar da har yau ba ta yarda kogin nan iyaka ba ne. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni kuwa na tsaya a bakin ɗakin, takardar sauya rumfa tana ninke a aljihuna, na ce mata, "In Allah ya yarda, Mama."