A Filin Saukar Jirgi Na Koyi Dogara Sanda

Assalamu alaikum. Tun kafin faɗuwar damina rabona da rubutu a nan. Masu turo saƙo suna tsokanata wai ko kuɗi na yi na daina kula mutane, ga amsarku yau: ban yi kuɗi ba, ƙafa na rasa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sanusi, allurar dabbobi nake yi. Daga Kusada nake hawa babur in bi rugage, Yashe har wajen Rimaye. Sana'ar ƙafa ce, da ita nake tayar da babur, da ita nake tokare saniya.

Ina tsugune ina duba wata karsana na ji kamar an soka min ƙusa a ƙwaurin dama. Na miƙe, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Mai shanun ya taɓa ta ya ce, "Likita, ƙahwar nan taka ta yi sanyi kamar randa."

A gida matata Hauwa ta shafa man zafi, ta gasa da ruwan ɗumi. Duk mun ɗauka jijiya ce ta hau. Sai da yatsun suka fara canja launi yayana Lawal ya ce a tafi Kankiya.

Likitan can ya lalubi bugun jini a ƙafar, bai ji komai ba. Ya ce mu wuce birni, kada mu tsaya ko shan ruwa.

Babban asibitin birni sabon bene ne, wanda muka sha gani a hoto ana cewa har filin saukar jirgi mai saukar ungulu gare shi a kan rufi, domin marasa lafiya. Aka yi min hoto, aka gwada zuciya. Gudan jini ne ya taso daga zuciyata ya toshe jijiyar ƙafar.

Likitar da ta duba ni ta ce wanda zai iya buɗe jijiyar yana wani gari mai nisa. A mota yini ne cur, kuma ƙafar ba za ta jira yini ba.

Yaya Lawal ya ce, "To a kira jirgin mana! Ba ga hili nan bisa kanmu ba? In don kuɗi ne, gonata na sai da."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ba a buɗe shi ba tukuna."

Haka aka loda ni a motar asibiti. Kowane rami na hanya sai da na ji shi a ƙwaƙwalwata. Can da yamma zafin ya ɗauke, har na yi murna na ce wa Hauwa na ji sauƙi. Nas ɗin da ke tare da mu ta kawar da fuska.

Ashe ƙafar da ta mutu ba ta ciwo.

Da muka isa, likitan tiyata bai ɓoye min ba. Ya ce, "Malam Sanusi, ko ƙafa ko rai." Na sa hannu. Ban taɓa jin tsoro irin na farkawar nan ba, da na kai hannu ƙasan gwiwa na damƙo zanen gado.

Babur ya tafi a kuɗin aiki, tumakin Hauwa suka bi shi a kuɗin magani.

Da ciwon ya kame, aka mayar da ni asibitin birni domin gashi da koyon tafiya. Barandar cike take da tabarmin masu jinya, don haka mai gashin, Malam Kabiru, yake tura mu a keke zuwa saman rufi da safe.

A nan na ga filin. Sumul, ga fitilu kewaye, ga babban farin da'ira a tsakiya. Daga Kusada zuwa Kankiya babu kwalta mai kyansa. A gefe an ɗaura igiya ana shanya zannuwan gado.

A tsakiyar da'irar nan na fara dogara sanda, a nan na fara faɗuwa. Na kwanta ina kallon sama, wallahi kuka na yi, ba don zafin faɗuwar ba.

Na tambayi dalilin rashin buɗe shi. Wannan ya ce takardar izini ake jira, wancan ya ce kayan kashe gobara ne ba su iso ba, wani ya ce babban da zai buɗe ne bai samu lokaci ba. Wata safiya aka hana mu hawa, wai za a sake fenti, baƙi za su zo dubawa. Kada guragu su ɓata musu hoto.

Na san wani zai ce ko an buɗe, talaka ba zai hau jirgin ba. To a buɗe, in san talaucina ne ya hana ni. Wani kuma zai ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta riƙe takardar a ofis ba. Raina a ɓace yake, ba zan yi muku ƙarya ba.

Yanzu ina gida, ina shan maganin tsinka jini, ina zuwa masallaci da sanduna. Fulanina kan zo su ɗauke ni a babur in duba musu dabbobi. Alhamdulillahi.

Hauwa, Yaya Lawal, Malam Kabiru, da duk wanda ya yi addu'a ko ya turo abin da ya sawwaƙa, Allah ya biya ku.

Shawarata: in hannu ko ƙafa ta yi zafi farat ɗaya, ta yi sanyi, ta canja launi, ku ajiye man zafi ku kama hanyar asibiti nan take. Ku riƙa auna zuciya da hawan jini ko kuna jin garau.

Wanda kuma buɗe filin nan yake hannunsa, kada ya yi sauri domina. Tawa ƙafar dai, Yaya Lawal ya naɗe ta a farin ƙyalle ya binne a garin da ba mu san kowa ba. Mai buɗe filin ya yi sauri domin wanda yake da ƙafafunsa biyu yau.