Kamu Huɗu Daga Ƙunshin Iya Hanne

Kafin in zama abin nuni da baki a kasuwar Makarfi, ni yaron kirki ne. Aƙalla haka uwata take faɗa, ita kaɗai kuwa a duk garin. Ubana manomin rake ne. Ya kai ni makarantar allo na gudu tun ban gama haɗa baƙi ba, ya kai ni elemantare aka koro ni daga aji uku saboda surutu. Ɗan bokon da na tsira da shi bai wuce na karanta suna a bayan ambulan ba. Shi ya samo mini aiki wurin Maigida Sambo mai lori, bayan an sami mulkin kai da kaɗan, ina ɗan shekara goma sha biyar.

Aikin shi ne, in lori ta iso ran kasuwa da saƙonnin mutanenmu da ke neman kuɗi a Kano da Zariya, ni zan ɗaure su a bayan keke in bi ƙauyuka ina rabawa. Ku da kuke ganin mai keke yana wucewa kuna cewa yana shan iska, Allah ya ɗora ku a kan sirdin nan kwana ɗaya. Za a rubuta a kan ƙunshi, a ba Malam Audu a Likoro. Ka je Likoro ka tarar rabin garin Malam Audu ne, sauran rabin 'ya'yan Malam Audu. Hanyar Furana kuwa yashinta sai ka sauka ka goya keken. Ga ƙaya, ga faci, ga karnuka da suka san ƙarar sarƙata fiye da muryar iyayengijinsu. Ka isa gida harshe a waje, dattijo ya tsare ka da gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi ruwan bana, har sai inuwa ta juya. Daga nan ya ce Allah ya yi maka albarka, ya shige da kayansa. Ko ruwa a moɗa babu.

Da wannan haushin na fara. Na ce tunda ba za su ba ni tukwici ba, zan ba kaina. Goro ɗaya daga cikin ganye. Ƙwayar sukari uku daga kwali. Kowane mai aike da irin ƙullinsa, ni kuwa na zauna na koyi kwance kowanne da mayar da shi yadda yake. Abokaina na tasha, su Ɗanjuma mai faci, suka raɗa mini suna Sarkin Ƙulli, suna cin alewar mutane suna yi mini kirari. Daga sukari na koma sabulu, daga sabulu na koma turare. Ba wanda ya kama ni, don mai aikewa yana birni, mai karɓa bai san abin da aka aiko ba.

Babbar Salla ta wuce da daɗewa, ana saura mako biyu Ƙaramar Salla, direba ya miƙo mini wani ƙunshi ɗinke cikin sabuwar tabarma. Ya ce na Iya Hanne ne a Taba, ɗanta Mamman birkila ya aiko daga Kano, ya kuma ce kada a ajiye shi a ƙasa. Da na tambayi dalili da na tsira. Amma ni jin haka sai na ce lalle abin daɗi ne a ciki. Na tsaya gindin wata tsamiya na farke ɗinkin. Farin yadi ne mai kyau, ya ɗan yamutse kamar an taɓa jiƙa shi. A bakinsa ɗaya ga ɗan rubutu da tawada. Na ɗauka tambarin kanti ne, irin wanda samari ke bari a jikin riga don a san sabuwa ce. Na auna kamu huɗu ta wannan ɓangaren na sa reza, na naɗe saura na mayar da ɗinki.

Iya Hanne tsohuwa ce ƙarama, ta rankwafa. Da na ce daga Mamman ne, sai ta ce in jira a zaure. Ta je ta yi alwala kafin ta karɓa da hannu biyu, ta rungume a ƙirji, hawaye na zuba. Ba ta buɗe ba. Ta ba ni ƙwan zabi shida da curin mazarƙwaila, tukwicin da ban taɓa samun irinsa ba, ta ce, “Ɗan nan, ka kawo mini kwanciyar hankali. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini.” Na ce amin da ƙarfi, yankin yadinta na cikin wandona.

Tela ya ɗinka mini taguwa, na sa ya ɗora rubutun nan a kan aljihu. Da ita na yi Salla. Tafiyata a ranar, ko hakimi albarka.

Bayan damina aka ba ni goro in kai Taba, gidan Iya Hanne, don sadakar uku. Ta rasu. Na sa taguwata don in fita kunya. Na tarar da maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, na yi gaisuwa na raɓe. A nan na ji ana ƙus-ƙus. Ashe yadin nan likkafaninta ne. Shekaru tana roƙon Mamman abu ɗaya, a rufe ta da likkafanin da aka tsoma a ruwan Zamzam. Ya saya ya ba wani alhaji mai tafiya Makka, aka tsoma aka shanya aka dawo da shi. Ita kuwa ta ɓoye a adaka, ba ta yarda hannu ya taɓa ba sai ranar. Da mata masu wanka suka warware za su yanka, bai isa ba. Sai da aka tsayar da jana'iza, aka nemo yadin kasuwa a maƙwabta aka cika. Mutane suna cewa Mamman ya yi wa uwarsa rowa har a kabari. Shi yana zaune can gefe, kansa a ƙasa, yana jin su.

Na yunƙura zan sulale, liman Malam Haruna ya ce in matso. Ya kama aljihuna ya kawo kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗago a hankali ya ce, “Samari, sunanka Hanne?”

Alhajin ne ya rubuta sunan kowa da ajami a bakin yadinsa, don kada su cakuɗe wurin shanya. Wata bakwai ina yawo ƙauye ƙauye da sunan tsohuwar a ƙirjina, ina taƙama. Da na tsaya a makarantar allo, ko sata ma da na iya ta.

Mamman bai taɓa ni ba. Cewa kawai ya yi in tuɓe. Na tuɓe, ya ninke taguwar ya shiga gida da ita. Da duka na sha da ya fi mini sauƙi.

A gaban alƙali duniya ta taru. Wanda ya rasa sabulu ya zo, wanda ya rasa turare ya zo, har wani daga Furana ya zo neman akuyarsa da ta ɓata tun ina goye. Tela ya rantse bai taɓa ganina ba. Ɗanjuma, wanda haƙoransa suka ruɓe da alewar sata, ya ce dama shi ya daɗe yana yi mini faɗa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, sai kuma in tuna ba hannunsu ne ya riƙe rezar ba. Aka yi mini bulala, aka kai ni gidan yari wata tara. Ni ne ƙarami, don haka ni ne mai kwasar bokitin bahaya. Ƙwarƙwatar wurin kuwa sai ta yi sallama kafin ta cije ka. Ubana bai leƙo ni ba ko sau ɗaya, ban kuma ga laifinsa ba.

Da aka sake ni, ban nufi gida ba, Taba na nufa a ƙasa. Na sami Mamman a gonar tsohuwar, ya bar Kano. Na durƙusa a kunya na ce, “Yaya Mamman, don Allah ka yafe mini.” Ya jingina da fartanyarsa ya dube ni. Ya ce zagin da ya sha ya yafe tun tuni. “Nata kuwa ba ni da ikon yafewa. Ka san inda take.”

Yanzu rake nake sara tare da ubana, dare kuwa ina gaban Malam Haruna da allo, cikin yara masu rabin tsayina. Na tuba, kullum ina yi mata addu'a, amma ban san ko ta isa ba.

Ku samari 'yan'uwana, in an ba ku saƙo, ku kai shi a ƙulle. In ba a ba ku tukwici ba, ku yi fushi, ku bar aikin in kun ga dama, amma kada ku kwance. Ba ku san abin da mutum ya zuba ransa a kai ba. Wani haƙƙin kuna iya bin mai shi gida ku durƙusa, wani kuwa sai ran da aka tashe ku tare.