Keken da Ya Tsufar da Baba

A shekarun da kuɗin mai suka malalo ƙasar nan, Wudil ta cika da ƙarar babur. Malaman makaranta irina muka sami ƙarin albashi, kowa ya saya, har waɗanda ba su san inda burki yake ba. Masu gyaran keke na bakin kasuwa suka wayi gari duk sun zama makanikan babur. In ka kai musu keke sai su dube ka kamar ka kawo musu jaki.

Mahaifina bai shiga wannan yayi ba. Da tsohon kekensa yake zuwa gonarsa ta Dagumawa, gonar da ya gada, wadda yake so fiye da yadda yake son yawancinmu. Shi ke kula da keken da kansa. Ranar Juma'a sai ya tura shi bakin kogi ya yi masa wanka har da dulmiyawa, ya dawo gida ya ɗebi man gyaɗar Inna ya ɗiga a duk inda ƙarfe ke juyawa. Ya ce abin da ya gyara jikin mutum ba zai ɓata ƙarfe ba. A ƙasar da ake ta fariyar arzikin mai, keken Baba man tuya yake sha.

Wata damina sai ya fara dawowa daga gona a jigace, yana haki. Bai taɓa zargin keken ba, ƙafafunsa ya zarga. Ya sha jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi masa ƙaho a gwiwa, mai kemis ya ɗirka masa allurai. Kowa ya faɗi irin ciwon da yake gani, ni ma na ba da tawa fatawar, na ce jini ne ya yi ƙasa. Hanyar Dagumawa kuwa kullum ƙara tsawo take yi.

Da kaka ta yi, Baba ya tara dattawan unguwa a zaure, ya ce tsufa ya zo, ba a jayayya da ikon Allah. A gabansu ya damƙa wa ƙanensa, Baffa, noman gonar. Aka yi addu'a aka shafa. Ya koma zaman tabarma a ƙofar gida, yana karɓar gaisuwa da muryar da ba tasa ba. Ganinsa haka ya riƙa ci mini rai.

Bayan wani lokaci babur ɗina ya kwanta, don man fetur ya yi ɓatan dabo a gari. Na jawo keken daga zaure zan tafi makaranta. Ban kai bakin titi ba gumi ya jiƙa mini riga, ga ni da ƙuruciyata. Na sauka, na ɗaga ƙafar gaba na murza. Ko zagaye guda ba ta yi ba ta tsaya cik. Na duba burki, ba ya gogar komai. Ciwon yana can cikin cibiyar ƙafar.

Na kifa keken a tsakar gida, na kwance ƙafar da sifana, na zare ƙarfen tsakiya. Wani warin tsohon mai ya bugi hancina. Man gyaɗa da yashin kogi sun haɗu sun daskare kamar ƙullun ƙuli-ƙuli, boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kansu, sun nutse a ciki, wasu sun yi tsatsa. Na wanke komai da kananzir, na samo sababbin boris da giris a wajen wani makaniken babur da ya ba ni yana dariya. Na jera su, na mayar da ƙafar, na ɗaure noti daidai, ba matsewa ba lilo. Da na murza ƙafar sai ta yi ta juyawa har na gaji da kallo.

Baba yana tsaye a bayana ban sani ba. Ya tayar da keken, ya tattare rigarsa ya hau. Ya bi ta ƙofar baya, ta lungun da ba kowa, ya ɓace. Da ya dawo ko haki ba ya yi, fuskarsa ta koma ta mutumin da na sani. Farin ciki ya kama ni, na ce gobe sai Dagumawa, ni zan je in yi wa Baffa bayani.

Ya jingine keken a bango, ya daɗe yana shafa sirdin.

"Bayanin me?" ya ce. "A gaban mutane na ce na tsufa, suka shafa fatiha. In koma in ce musu man gyaɗa ne?"

Na ce ai kowa zai gane, kuskure ne.

"Ɗauki keken, naka ne. In an tambaye ka, ka ce da ma lafiyarsa ƙalau."

Ya ɗauki tabarmarsa ya nufi ƙofar gida. Da ya isa zaure na ga ya rage sauri, ya dafa gwiwa, sannan ya fita wajen mutane.